Lagireto a Gindin Randa

Har in ajiye sukudireba ba na jin zan manta da makon da na yanka kular da ke sanyaya kwamfutar Anti Rifkatu. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun sha jin ana tsokanata da Bashir mai famfo, wasunku ma sun ɗauka gyaran famfon ruwa na fara yi kafin in dawo kwamfuta. To ba haka ba ne, ga yadda abin ya faru.

A lokacin ina babban ma'aikaci a shagon Oga Danladi da ke wajen Ketaren Gwari. Tsarin shagon irin na ko'ina ne. Oga ne mai shago, shi ke karɓar aiki, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Ni ke bi masa, duk aikin da ya yi gardama a teburina yake sauka. Oga Danladi mutumin kirki ne, sai dai tsoro. Daga gyaran rediyo da talabijin ya taso, kuma ya yi imani cewa duk abin da Bature ya rufe da hannunsa akwai dalilin da ya sa ya rufe shi. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙaiƙayin hannu, in ban buɗe abu na ga cikinsa ba barci ba ya yi mini daɗi.

Cikin watan Maris ne, kun dai san Maris ɗin Minna, lokacin da ko fanka iska mai zafi take hura wa mutum. Ranar Talata da hantsi keke napep ya tsaya a ƙofar shago, wata mata ta fito rungume da ƙatuwar kwamfutar tebur kamar mai kai yaro asibiti. Ita ce Anti Rifkatu. A Barkin Sale take zaune, aikinta haɗa bidiyon biki da na taro.

"Oga, ku taimake ni," ta ce tun kafin ta zauna. "Da na ce ta fitar da fim sai ta ɗan yi tafiya ta mutu. Na tayar, ta sake mutuwa. Kuma ran Asabar ne taron."

Oga ya ce, "Taron waye, Madam? Ki ce masu shi su ƙara haƙuri mana."

Sai ta share zufa da bakin gyalenta. Ashe ba aikin wani ba ne. Mahaifinta tsohon hedimasta ne a Kuta, ya tsufa, jiki kuma ya fara ƙi. Tsofaffin ɗalibansa sun shirya taron karrama shi ranar Asabar, kuma kowa ya san dalilin da ya sa aka ƙi ɗaga ranar. Da yawa daga cikin ɗaliban suna nesa, wasu a Legas, wasu a ƙasashen waje, ba za su samu zuwa ba. Shi ne ta yi wata da watanni tana bin su, wasu ta je ta ɗauke su da kyamara, wasu suka turo ta waya, ta haɗa da tsofaffin hotunan makaranta, ya zama dogon fim guda. Saura matakin ƙarshe, wanda kwamfuta ke dunƙule aikin duka ya zama abin da za a iya kunnawa. A nan take mutuwa.

Ga wanda bai san cikin kwamfuta ba, akwai wani ɗan abu a ciki da bai kai faɗin akwatin ashana ba, furosesa. Shi ke yin aikin duka, kuma in ya ɗauki nauyi yakan yi zafi kamar dutsen guga. In zafin ya wuce misali, kwamfutar kan kashe kanta don kada ya ƙone. Ƙananan kwamfutoci fanka ce ke hura shi. Manya kuwa ruwa ake zagaya masa, irin na injin mota. Ɗan famfo ya zauna a kan furosesa, tiyo ya kai ruwan zuwa lagireto, fanka ta huce shi, ya dawo ta wani tiyon. Irin wadda ke cikin ta Anti Rifkatu a rufe take zuwa daga kamfani, famfo da tiyo da lagireto a haɗe, an ɗura ruwa an toshe, babu murfi, babu wurin ƙari. Ita muke ce wa kula a shago.

Ƙa'idarmu ita ce a gwada kaya a gaban mai shi. Na kunna, na sa ta aiki, muka zuba wa ma'aunin zafi ido. Kafin Anti Rifkatu ta gama shan ruwan da aka ba ta ya haura digiri casa'in, sai ɗif. Na duba famfo, lafiyarsa ƙalau. Na canza man da ake shafa wa furosesa, na wanke lagireto, na sake gwadawa. Ta ɗan ƙara nisa, ta sake mutuwa. Matsalar a fili take. Lagireton ɗan mitsitsi ne mai fanka ɗaya, an yi shi ne don ƙasar da ake sa rigar sanyi a cikin ɗaki. Na tambaye ta ɗakin da take aiki, ta ce rufin kwano ne ba silin, kuma da sola take aiki, ba zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba.

Oga ya kira waɗanda yake sayen kaya a wurinsu. Babu babbar kula a Minna, wadda aka samu a Legas kuma ba za ta iso ba sai an ci taro an watse. Ya ajiye waya ya ce, "Madam, gaskiya..."

Ni kuwa tuni hankalina ya tafi kan abin da ke ƙarƙashin teburina. Akwai wani kwali da na daɗe ina tara matattun kuloli a ciki, waɗanda famfonsu ya mutu amma lagiretonsu garau. Oga maƙabartar Bashir yake ce wa kwalin, kuma ba sau ɗaya ba ya yi barazanar bai wa 'yan gwangwan. Na daɗe ina mafarkin ranar da zan yanke tiyon kula mai rai in ƙara mata lagireto, in ga ko ɗan famfon zai iya. Ban taɓa samun wanda zai ba ni tasa ba.

Na ce, "Oga, in ka yarda, zan ƙara mata lagireto biyu."

Ya dube ni kamar na ce zan yi wa matar tiyata. "Bashir, ruwa fa. Ruwa a cikin kwamfutan mutane. In ya ɗiga a kan bod, allon da komai yana kai, fim ya tafi, kwamfuta ya tafi, sunan shago ya tafi. Abeg ka bar wannan magana."

Na ce za mu kwafe aikinta duka a wani wuri kafin in taɓa komai, kuma duk mahaɗar da zan yi a waje za ta kasance, ba a cikin akwatin ba. Anti Rifkatu ta dube ni, ta dubi Oga.

"Malam Bashir, ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba, Anti. Amma na yi shi a kaina ya fi a ƙirga."

Ta yi 'yar dariya, ta farko tun zuwanta. "To a yanzu ma matacciya ce a wurina. Ka yanka."

Wallahi ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka. Ranar Laraba tun kafin masu shagunan kusa su buɗe ina bakin aiki. Na zaɓi lagireto biyu manya, masu fanka bibbiyu, na wanke cikinsu har ruwan ya riƙa fita fes. Dukansu na alminiyam ne kamar na asalin, don ba a son a cakuɗa ƙarafa iri-iri a ruwa ɗaya, wani yakan ci wani. Na samo tiyo mai haske wanda ake ganin ruwa ta cikinsa, da mahaɗai, da kilif na ɗaurewa. Ruwan kuma ba fiya wata ba ne, ku riƙe wannan. Tataccen ruwa ne irin na ɗakin gwaje-gwaje, na sirka da koren ruwan nan na lagireton mota saboda yana hana tsatsa.

Na ɗora reza a kan tiyon kular. Oga ya ce shi ba zai kalla ba, ya fita ƙofar shago. Na yi bismilla na yanka. Ina ɗagowa na gan shi a bayana, ya miƙo wuya, har da tabarau.

Daga nan fa aiki ya zama namu mu biyu. Mutumin da ya ce a bar magana shi ne ya riƙe mazurari ina ɗura ruwa, shi ne ya ce kilif ɗaya bai isa ba a sa bibbiyu, shi ne ya je wurin kafinta ya dawo da 'yan ƙafafun katako, kowane lagireto da nasa, don su tsaya da kansu. Na sa wata 'yar mahaɗa mai baki uku a matsayin wurin ɗura ruwa. Muka yi ta juya lagiretocin, muna karkata su, muna ƙwanƙwasawa, kumfar iska na fita ɗaya bayan ɗaya. Sai muka kunna famfon shi kaɗai da wata wuta daban, kwamfutar a kashe, muka naɗe kowace mahaɗa da tishu. In akwai ɗigo ko na hawaye ne, tishu zai tona. Haka muka bar shi ya kwana yana zagayawa.

Alhamis da safe na riga Oga zuwa, amma da kaɗan. Muka bi tishu ɗaya bayan ɗaya, a bushe ƙayau. Na mayar da famfo kan furosesa, na kunna, na ɗora mata aiki mai nauyi. Ma'auni ya hau, ya hau, ya kai sittin da 'yan kai, ya tsaya. Muka jira. Ya ƙi motsi. Na ƙara mata nauyi, ya ɗan ɗaga ya sake zama. Oga Danladi, da furfurarsa da komai, ya daki tebur ya yi ihu har mai shayin da ke gefenmu ya leƙo yana tambaya ko ƙwallo aka ci.

"Ka gani? Na faɗa maka zai yi!" in ji Oga. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa.

Da kaina na kai ta Barkin Sale na haɗa. Ɗakin aikin ɗan ƙarami ne, tebur a jikin bango, kantar katako a samansa, taga ɗaya, sai randa a lungu a kan jiƙaƙƙen yashi. Na ajiye kwamfutar a kan tebur, na ɗora lagiretocin biyu a kan kanta. Na bar tiyo da wayoyin fanka da tsawo don kada su ɗame. Sannan na yi wa Anti Rifkatu bayanin abu guda da ba a wasa da shi. Duk yadda ka kai ga cire iska daga irin wannan haɗi, sai ta ɗan rage, kuma iska a cikin ruwa sama take nema. In lagireto ne a sama, can za ta je ta kwanta, ba ruwanta da kowa. In kuwa famfo ne a sama, cikinsa za ta taru, ya riƙa juyawa a banza, ruwa ya tsaya, shi kansa famfon yana iya ƙonewa. Ta ce ta gane, babu mai taɓawa. Akwai 'yan gyare-gyaren da za ta ƙarasa, gobe Juma'a da safe za ta sa a fitar da fim.

Na koma shago ina tafiya kamar ƙasa ba ta ɗaukata.

Juma'a ina fitowa daga masallaci, ko takalmi ban gama sawa ba, wayata ta yi ƙara. Anti Rifkatu ce.

"Malam Bashir, ta mutu. Kuma yanzu ko na kunna wani ƙara take yi kamar ana gurza tsakuwa."

Na ce ta kashe, kada ta sake kunnawa. Abin da ya zo mini shi ne mahaɗa ta saki, ruwa ya bi tiyo ya shiga ciki. Na ruga shago na ɗauki kayan aiki. Oga bai tambayi komai ba, ya ga fuskata kawai ya tayar da babur ya ce in hau. Ban taɓa sanin ya iya gudu haka ba sai ranar.

Muna shiga ɗakin na dubi kanta, wayam. Na bi tiyo da ido, ya gangaro daga tebur, ya bi ƙasa, ya nufi lungu. Ga lagiretona nan biyu a gindin randa, an jera su a kan yashi, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhun algarara, an ma soke gefensa da kyau kamar an kwantar da jarirai.

A bakin ƙofa wata tsohuwa ce tsaye, hannuwa a kan ƙirji. Mahaifiyar Anti Rifkatu ce. Da safiyar nan ta iso daga Kuta don sayayyar taro. Anti Rifkatu ta sa kwamfutar ta fara fitar da fim, ta fita karɓo majigin da za a haska shi, ta bar Mama a gida. Mama ta shiga share ɗaki, ta ji fankoki na ta kuka a sama, ta kai hannu ta ji ɗumi.

"Yarona," ta ce da Hausarta ta mutanen Kuta, "na taɓa shi, yana zafi. Rifkatu ya ce zafi ne yana kashe shi. Wane ne yana ajiye abin sanyi a sama kusa da kwano? Na ce bari na kawo shi wurin randa ya sha iska."

Ina so in yi dariya, ina so in yi kuka. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ake so ya yi sanyi ƙasa ake kai shi, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Haka ake yi wa ruwa, haka ake yi wa kunu da goro. Mama ta yi wa lagireto gatan da ta sani. Sai dai da ta sauke su, famfo ya zama shi ne a sama, iska ta tattaru a cikinsa, buhun kuma ya toshe wa fankoki numfashi.

Anti Rifkatu ta fara, "Haba Mama, wa ya ce ki..." sai ta ga idon tsohuwar ya cika, ta haɗiye sauran.

Mama ta ce a hankali, "Na ɓata fim na Baba?"

Wannan tambaya ta taɓa ni. Na ce, "Mama, ba ki ɓata komai ba tukuna. Ki ba ni wuri in gani."

Na yaye buhun, na duba ko'ina. Mahaɗai lafiya, babu ɗigo, ruwan buhun bai shiga injin fankokin ba. Saura famfo. In ya ƙone, magana ta ƙare, don ba ni da wani mai rai ko a maƙabarta. Ga lokaci kuma. Fitar da fim ɗin zai cinye yammacin duka, wutar gari ba a ganta ba tun jiya, batirin sola kuma ba ya nisa in rana ta faɗi. Motar Kuta da sassafe za ta tashi.

Na cire famfon daga wutar kwamfutar na haɗa shi da tawa. Na ce Oga ya ɗaga lagiretocin sama iya tsawon hannunsa. Ku kwatanta Oga Danladi tsaye a tsakar ɗaki, lagireto ɗaya a kowane hannu, zufa na zuba, yana cewa, "Yi sauri, kafaɗa na ba na yaro ba ne." Ni kuma na rungumi kwamfutar ina karkata ta hagu da dama, ina ɗan ƙwanƙwasa kan famfon da gindin sukudireba. Na ba shi wuta. Ƙarrr, kamar ana gurza tsakuwa. Na kashe. Na sake karkatawa ta yadda bakin tiyon zai kalli sama. Na ba shi wuta. Ƙarrr. Na kashe.

Mama ta shiga addu'a ƙasa-ƙasa da yarensu. Na kwantar da kwamfutar a gefenta gaba ɗaya, na ɗora bakin sukudireba a kan famfon, na sa kunnena a ƙotar, na ba shi wuta. Ƙarrr, sai ƙulululu, sai ga wata doguwar kumfa ta fito cikin tiyo mai haske tana hawa a hankali, wasu ƙanana na bin ta. Dukanmu muka raka ta da ido har ta shige lagireton da ke hannun Oga. Ƙarar ta ɗauke. Abin da ya rage a kunnena wani ɗan siririn zuuu ne mai daɗi, muryar famfo mai lafiya.

"Yana da rai!" na faɗa da ƙarfi. Anti Rifkatu ta daka tsalle. Oga ya ce, "To a karɓi kayan nan kafin ni na mutu."

Na hau kujera zan mayar da su kan kanta, sai na dafa katakon na janye hannu. Zafi rau. Jiya da hantsi na ɗora su, ban ji haka ba. Yanzu kuwa rana ta daki kwano tun safe, iskar da ke can sama kamar ta bakin tanda. Na tsaya a kan kujera ina tunani. Ba lallai ne duka biyun su zauna a sama ba. Guda ɗaya ya isa ya tare iska. Ɗayan yana iya zama a ƙasa inda ya fi sanyi, ba abin da zai samu famfo.

Na ce, "Mama, kin yi gaskiya a kan kwanon nan. Za mu raba. Ɗaya nawa a sama, ɗaya naki a gindin randa."

Na ɗora na ƙasan a kan bulo don kada ya taɓa yashi. Buhun kuma na rataye shi a jikin ƙarfen taga, nesa da duk wata waya, yadda iskar da ke shigowa za ta ratsa shi ta huce. Na miƙa wa Mama moɗa na ce aikinta ne kada buhun nan ya bushe, amma ta waje za ta riƙa yayyafa masa. Ta karɓi moɗar da hannu biyu, ta gyara ɗaurin zane, ta fita ta tsaya a bayan taga.

Anti Rifkatu ta danna. Ɗan layin nan da ke cika a hankali ya fara tafiya. Muka zauna a kan benci mu uku, ido ɗaya a kan layi, ɗaya a kan ma'auni. Layin ya iso wurin da ta saba mutuwa, ya wuce, ko gezau. Oga ya buga cinyata har sai da na ji zafi. Ma'auni kuwa ya zauna ƙasa da na jiya a shago, a tsakiyar zafin rana, a ƙarƙashin kwano. Kowane ɗan lokaci sai mu ji fatsal daga taga, sai muryar Mama, "Yana tafiya?" Mu amsa baki ɗaya, "Yana tafiya, Mama!"

Na je na yi la'asar a masallacin unguwa na dawo da gudu-gudu. An kawo mana abinci, ban san me na ci ba. Rana ta yi ƙasa, hasken taga ya yi ja, na'urar sola ta fara 'yar ƙarar da take yi in batir ya ja baya. Muka kashe fankar ɗaki da ƙwan fitila, muka zare cajar waya, duk don a bar wa kwamfuta. Layin ya rage ɗan ƙiris kamar ƙwayar shinkafa, ya tsaya a nan kamar da gangan. Ladan ya ɗaga murya ke nan, kwamfutar ta yi 'yar ƙararta ta gamawa.

Mama ta rangaɗa guɗa daga bayan taga har maƙwabta suka fito. Anti Rifkatu ta kwafe fim ɗin wuri biyu kafin ta yarda ta yi kuka. Ni dai ina tsaye ina shafa tiyo ina dariya ni kaɗai.

Oga Danladi ba ya rufe shago ranar Asabar ko da me ake yi, amma ranar ya rufe, muka bi su Kuta. A zauren makarantar aka yi, an toshe tagogi da zannuwa don majigi ya fito. Aka shigo da Baba Hedimasta a hankali, mutum biyu na riƙe da shi, aka zaunar da shi a gaba, Mama a gefensa. Ya rame ƙwarai, ban ma zaci yana gane abin da ake yi ba. Aka kunna. Wani dattijo mai farin gemu ya fito a jikin bango, daga wata ƙasa mai nisa, ya fara gaisuwa. Kafin ya faɗi sunansa sai Baba ya ɗaga yatsa.

"Audu ne. Ɗan maƙeri. Kullum a makare."

Zauren ya kece da dariya da tafi. Daga nan duk fuskar da ta fito sai ya riga ta faɗin sunanta, da na ubanta, da ƙauyensu. Muryarsa na ƙara ƙarfi, yana gyara zama. Manyan mutane masu jikoki suna share ido da hula. Ya kalli fim ɗin nan har ƙarshe, ya ce a sake. Aka sake. Da kakar shekarar Allah ya yi masa rasuwa.

Abin da nake so ku ɗauka a nan ba yankan tiyo ba ne, wannan kowa zai iya koya a mako guda. Kayan da muke gyarawa ba a shago suke zama ba. Gida suke komawa, inda akwai mai shara, da mai goge ƙura, da mai tausayi, kuma yawancin waɗanda za su taɓa aikinku da kyakkyawar niyya za su taɓa shi, da iyakar abin da suka sani. Shi ya sa in na kai aiki gida ba na tsayawa a kan mai kaya. Nakan tambaya wa ke share ɗakin nan, in ce a kira mini shi, in gaishe shi, in nuna masa abin da za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba. Sannan in tambaye shi ina ne ya fi sanyi a ɗakin, don ya fi ni sani.